Yadda Mace Za Ta Duba Mamanta da Kanta Domin Gano Sankara da Wuri

A aikina na jinya na daɗe ina koya wa mata wannan dubawa, a ɗakin awon ciki da kuma wuraren taron mata, kuma abin da ya fi damuna har yau bai canza ba. Yawancin matan da sankarar mama ta kama ba sa zuwa asibiti sai ƙullutun ya girma, ko ma ya fashe ya zama gyambo, alhali da yawansu sun ji shi da hannunsu tun yana ƙarami. Idan aka tambayi dalilin jinkirin, amsar da aka fi ji ita ce, "Ai ba ya ciwo." Haka kuwa cutar take a farkonta, ba kasafai take ciwo ba, kuma wannan rashin ciwon ne yake yaudarar mace har lokacin da magani ya fi amfani ya wuce ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan cuta a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna raye shekara biyar bayan an gano, amma a yankinmu adadin ya yi ƙasa da haka nesa, kuma babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da mara lafiya take isa gaban likita.

Abin da ya kamata ki sani game da halittar mama kaɗan ne. A cikinta akwai wuraren da ke samar da ruwan nono, da ƙananan hanyoyin da ke kai shi kan nono, da kitse. Sankara takan fara ne a cikin waɗannan hanyoyi, kuma idan za ta bazu, wurin da takan fara sauka shi ne kaluluwar hammata. Naman mama kuwa bai tsaya a inda ido yake gani ba, yana da jela da ta miƙe har cikin hammata, shi ya sa dubawar za ta wuce iyakar da kike zato.

Kayan da ake buƙata

Madubi mai faɗin da zai nuna miki ƙirjinki duka, da haske mai kyau, wanda hasken rana ta taga ya fi kowane. Matashin kai ƙarami ko zani da aka ninke. Man shafawa kaɗan, ko man kaɗanya, domin yatsu su riƙa zamewa a kan fata. Ɗan littafi da biro, ko wurin rubutu a wayarki. Sai ɗakin da za ki rufe ba tare da yara suna shigowa ba, na tsawon minti goma zuwa sha biyar. Idan babu babban madubi, ƙaramin na kwalliya ma zai yi, ki jingina shi a bango ki ja da baya har ya ɗauki ɓangarorin biyu tare. Ki yanke farce kafin ki fara, domin dogon farce yana hana cikin yatsa kwanciya a kan fata.

Mataki na 1: Tsayar da rana

Sau ɗaya a wata ya isa. Mace mai ganin al'ada ta zaɓi tsakanin kwana na 7 zuwa na 10 daga ranar da jini ya fara zuwa, domin a lokacin kumburi da tsamin da ke zuwa kafin al'ada sun sauka, mama ta yi laushi. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce ki haɗa shi da wankan tsarki, wato kwana biyu ko uku bayan kin yi wanka. Wadda ta daina al'ada, ko mai ciki, ko wadda allurar tazarar haihuwa ta ɗauke mata jini, sai ta ɗauki rana guda da ba ta canzawa, kamar washegarin tsayuwar wata. Mai shayarwa ta bari sai jariri ya sha ya ƙoshi, nonon ya sake, sannan ta duba.

Kada ki riƙa dubawa kullum. Mai taɓawa safe da yamma hannunta yakan saba da canjin da ke zuwa a hankali har ta kasa gane shi, sannan tana jawo wa kanta tsamin fata da fargaba marar dalili.

Mataki na 2: Kallo a gaban madubi

Ki tuɓe daga wuya zuwa ƙugu, ki tsaya ko ki zauna a miƙe, hannuwa a sake a gefe. Ki kalli girman kowace mama, da siffarta, da launin fata, da inda kan nono yake fuskanta. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma ba abin damuwa ba ne, haka mafi yawan mata suke. Abin da kike nema shi ne sabon abu, wanda babu shi a watan jiya.

Daga nan ki ɗaga hannuwanki duka biyu sama da kai, ki juya hagu kaɗan, ki juya dama. Sannan ki kama ƙugu da hannu biyu ki danna da ƙarfi har naman ƙirji ya ɗaure. Wannan tsayuwa ta uku tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin idan akwai ƙullutun da ya kama fata daga ciki, a nan ne za ki ga wurin ya loɓa, ya yi ɗan rami da ba ya bayyana idan hannu yana sake. A ƙarshe ki ɗan sunkuya gaba, mama ta sauko, ki ga ko ɗaya ta maƙale ba ta sauko kamar 'yar'uwarta ba. Mai manyan mama ko wadda ta shayar da yara da yawa ta ɗaga kowace da hannu ta kalli ƙarƙashinta, wurin da madubi ba ya nunawa.

Alamomin da ido yake kamawa su ne loɓawar fata ko tattarewarta. Fata ta yi kauri ƙofofin gashi sun buɗe kamar ɓawon lemu. Kan nono da ya shige ciki alhali da can a waje yake. Ƙuraje ko ɓawo ko ƙaiƙayi a kan nono da ya ƙi warkewa. Kumburin mama ɗaya tare da ɗumi. Da kuma ciwon da ya buɗe bai rufe ba. A littattafan likitanci ana yawan cewa a duba ko fata ta yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ki gani shi ne wurin ya fi sauran duhu, ko yana sheƙi, ko ya fi ɗumi idan kika ɗora bayan hannu.

Mataki na 3: Taɓawa a kwance

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ki kwanta rigingine a kan katifa mai ɗan tauri ko tabarma. Domin duba mamar dama, ki sa matashin a ƙarƙashin kafaɗar dama, ki ɗora hannun dama a bayan kai. Kwanciyar nan tana sa mama ta baje a kan ƙirji ta yi siriri, abin da ke can ciki ya matso kusa da yatsa.

Ki shafa mai kaɗan, ki haɗa yatsu uku na tsakiya na hannun hagu, ki yi amfani da cikinsu mai laushi, ba tsininsu ba. A kowane wuri ki murza a hankali cikin ɗan ƙaramin zagaye, faɗinsa bai wuce na tsabar kuɗi ba, sau uku: na farko a sama-sama domin jin abin da ke ƙarƙashin fata, na biyu da matsakaicin ƙarfi, na uku ki danna har ki ji haƙarƙari. Dannawar ta ƙarshe tana iya ɗan damunki, amma bai kamata ta yi zafi ba. Sai ki zame yatsun zuwa wuri na gaba ba tare da kin ɗaga su daga fata ba, domin ɗagawa ce take sa a tsallake wuri.

Iyakar wurin da za ki bi ita ce daga ƙashin da ke gindin wuya a sama zuwa inda rigar mama take tsayawa a ƙasa, daga tsakiyar ƙirji kuma zuwa tsakiyar hammata. Tsarin da na fi so, kuma shi nake koyarwa, shi ne na layi-layi. Ki fara daga hammata ki sauko a miƙe har ƙasan mama, ki matsa faɗin yatsa ɗaya zuwa ciki, ki hau sama, ki sake matsawa ki sauko, har ki kai tsakiyar ƙirji. Akwai masu bin zagaye daga waje zuwa kan nono, wannan ma yana yi, sai dai na lura masu binsa suna yawan mantawa da jelar da ke wajen hammata da kuma bayan kan nono. Kowanne kika zaɓa, ki tsaya a kansa kowane wata. Ki ƙara jinkirtawa a ɓangaren sama na wajen hammata, domin nan ne naman mama ya fi yawa, kuma nan ne sankara ta fi fitowa. Idan kin gama sai ki mayar da matashin ɗaya kafaɗar ki duba hagu da hannun dama.

Babban kuskuren da nake gani shi ne mace ta kama mama tsakanin babban yatsa da sauran yatsu ta matse. Duk wadda ta yi haka za ta ji curi, ko da lafiyarta lau, domin naman mama ne kawai ta tattaro. A danne shi a kan ƙirji ake yi, ba a tsunkule shi. Kuskure na biyu shi ne sauri. Kowace mama tana buƙatar minti uku zuwa biyar, mai girma ma fiye da haka.

Lafiyayyar mama ba sumul take a ciki ba. Za ki ji ƙananan gudaji-gudaji, musamman idan kina da ƙuruciya, kuma a ƙasan kowace akwai wani kauri mai lanƙwasa wanda halitta ne. Idan kin ji abu a dama, ki nemi irinsa a daidai wurin a hagu. In yana nan a duka biyun, mai yiwuwa haka jikinki yake. Abin da ke sa a tashi tsaye shi ne ƙullutu guda da ya bambanta da kewayensa, mai tauri, wanda gefensa ba a daidaice yake ba, ko wanda ya kafe ba ya motsi, ko wani wuri da ya yi kauri a gefe ɗaya kawai. Watanni biyu ko uku na farko na koyon jikinki ne, kada ki karaya idan komai ya rikice miki a karon farko.

Mataki na 4: Hammata, gindin wuya da kan nono

Ki tashi zaune. Ki ɗaga hannu kaɗan kawai, ko ki ɗora shi a kan gwiwa, domin idan kika miƙe shi sama gaba ɗaya hammata takan ɗaure ta hana yatsa shiga. Ki tura yatsun can cikin ramin ki jawo su ƙasa a kan haƙarƙari, kina jin ko akwai kaluluwa. Ki taɓa ramin da ke saman ƙashin gindin wuya da ƙasansa. Kaluluwar da ta biyo bayan maruru ko yankan reza takan yi zafi kuma ta sauka cikin mako biyu ko uku. Wadda ta yi tauri, ba ta ciwo, ta ƙi sauka, ita ce ta asibiti.

Game da kan nono, ba na ba da shawarar a riƙa matsa shi ana neman ruwa, domin matar da ta taɓa shayarwa tana iya ganin ɗan ɗigo idan ta matsa ko bayan shekaru. Ruwan da ake tsoro shi ne mai fitowa da kansa, daga mama ɗaya, mai jini ko garai-garai. Hanyar gane shi ita ce ki riƙa duba cikin rigar mamanki da rigar barci kafin wanki, ko akwai tabo a gefe ɗaya.

Mataki na 5: Idan babu wurin kwanciya

A gidan da ɗaki ɗaya ne ga yara, ki yi dubawar a banɗaki lokacin wanka. Ki ɗaga hannu ɗaya bayan kai, ki bi layi-layin nan da kumfar sabulu. Ga mai ƙananan mama wannan ya wadatar, amma mai manya ta nemi lokacin kwanciya ko da dare ne, domin a tsaye yatsa ba ya kaiwa ciki.

Mataki na 6: Rubuta abin da kika samu

Ki rubuta kwanan wata da abin da kika ji, ko da kalmar "lafiya" ce kawai. In kin ji wani abu, ki zana da'ira biyu a takarda ki sa ɗigo a wurin, ki rubuta girmansa, misali kamar ƙwayar wake ko gyaɗa, da ko yana motsi. Tambayar farko da likita zai yi miki ita ce yaushe kika fara jinsa, kuma ko ya ƙaru.

Mataki na 7: Idan kin ji wani abu

Da farko ki kwantar da hankali, domin wajen takwas cikin goma na ƙullutun mama ba sankara ba ne. A 'yan mata da masu ƙuruciya an fi samun wani curi mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa, a wasu kuma jakar ruwa ce. Sai dai babu hannun da ke iya tabbatar da haka, ko nawa ko na likita, gwaji ne kaɗai yake rabewa. Saboda haka ki je asibiti cikin mako ɗaya ko biyu. Ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa da kika amince da ita a ranar, domin abin da aka ɓoye shi ne ake ta ɗagawa zuwa bayan salla, ko bayan biki, ko bayan yaye. In kunya ce ta tsare ki, kina da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ki, ko wata ta tsaya tare da ke a ɗakin.

Abubuwan da nake roƙon ki guje musu su ne sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis kina jiran ƙullutu ya narke, da gasa wurin da ruwan zafi, da kai shi ga wanzami a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya, da shafa masa haɗin da ke ƙona fata. Waɗannan suna buɗe ciwo ne a kan ciwo, kuma suna cinye watannin da suka fi kowane tsada. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a yi su tare.

A asibiti abu uku ake haɗawa. Likita zai duba da hannu. Za a yi hoto, wanda ga mai ƙasa da shekara 35 zuwa 40, da mai ciki ko mai shayarwa, galibi sikanin ne irin na awon ciki, ga wadda ta haura haka kuma hoton mamogiram, wato hoton X-ray na mama. Na uku shi ne a kashe wurin da allura a tsakuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. A nan mata da yawa suke gudu, saboda maganar da ta yaɗu cewa daji, wato sankara, ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar rayuka. Tsakurar ba ta watsa cutar, ita ce ma take nuna irin sankarar da maganin da zai ci ta, ko tiyata, ko allurar kemo, ko gashi da na'urar asibiti, ko ƙwayoyin da ake sha na shekaru irin su tamoxifen. Idan an cire miki ƙullutu a kowane asibiti, ƙarami ko babba, ki dage a kai naman gwaji, ki kuma koma ki karɓi sakamakon a rubuce. Ƙullutun da aka cire aka jefar bai amsa tambayar komai ba.

Idan asibitin garinku ba shi da kayan aiki, ki nemi takardar turawa zuwa babba, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a shirinta na yaƙi da sankarar mama na 2021 shi ne a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga zuwan farko, don haka idan ana ta ɗaga miki rana, ki bibiya, kada ki koma gida ki zauna. In kuɗi ne matsala, ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin game da asusun tallafa wa masu sankara na gwamnatin tarayya.

Mai shayarwa ta lura da wannan musamman. Toshewar nono da kumburinsa abu ne da aka saba, yakan sauka da ci gaba da shayarwa ko da maganin likita. Amma curin da ya wuce mako biyu, ko kumburin da aka sha magani mako guda bai sauka ba, a koma a nemi hoto. Ciki da goyo ba sa hana sankara fitowa.

Mataki na 8: Gwajin asibiti ko da ba ki ji komai ba

Hannunki ba ya maye gurbin asibiti, domin mamogiram yana ganin abin da bai kai a ji shi ba. Ki roƙi nas ko likita su duba ki duk lokacin da kika je awo ko tazarar haihuwa, daga shekara 40 kuma a duba ki kowace shekara, ki tattauna da likita kan yin mamogiram duk shekara ɗaya ko biyu. Ranar hoton ki sa riga da zani, kada ki shafa hoda ko mai ko turaren hammata, ki tafi da tsofaffin hotunanki, kuma ki faɗa idan kina zaton kina da ciki. Na'urar tana matse mama na 'yan daƙiƙoƙi, akwai rashin daɗi amma mai wucewa ne. A watan Oktoba, wanda aka ware domin wayar da kai kan wannan cuta, wasu asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi gwaji kyauta ko da rangwame.

Wadda mahaifiyarta, ko 'yar'uwarta ciki ɗaya, ko 'yarta ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa, musamman kafin shekara 50, ta sanar da likita domin a fara sa mata ido tun kafin 40. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu cutar gadonta suka yi, ta ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2, kuma ana gado ta dangin uba kamar yadda ake yi ta dangin uwa, don haka ki bincika tarihin gwaggonninki ma. Wannan adadi yana kuma nufin mafi yawan masu cutar ba su da kowa mai ita a danginsu. Maza ma tana kama su, ko da yake ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu ita ba, don haka ƙullutu a bayan kan nonon maigida shi ma na asibiti ne.

Mataki na 9: Rage haɗarin kamuwa

Babu abinci ko ganye ko sassaƙen da ke hana sankarar mama, kuma shekaru da gado ba a hannunki suke ba. Abin da ke hannunki kaɗan ne amma tabbatacce. Shayarwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100 a kowane wata 12, don haka shayarwar da aka saba yi har kusan shekara biyu alheri ce ga uwa ma. Ki motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta rabin awa kwana biyar. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida, daka da shara da ɗibar ruwa ma suna shiga lissafi. Ki kula da ƙiba, musamman bayan ɗaukewar al'ada, domin a lokacin kitse ne yake samar da sinadarin mata da ke ciyar da wasu nau'o'in cutar. Ki nisanci giya da taba da shisha, da magungunan ƙarin ƙiba ko girman mama da ake sayarwa ba tare da an san abin da ke cikinsu ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ƙara haɗarin kaɗan ƙwarai, kuma yana sauka bayan an daina, saboda haka kada ki yanke su da kanki. In akwai cutar a danginku, ki gaya wa ma'aikaciyar ta zaɓa miki hanyar da ta dace. Maganar cewa sa waya ko kuɗi a rigar mama, ko turaren hammata, ko bugewa a ƙirji suna kawo sankara ba ta da hujja. Abin da yakan faru shi ne bugun ya sa mace ta kai hannu wurin ta ji ƙullutun da dama yana nan, kuma shi ma a kai shi a duba idan bai ɓace cikin mako biyu ba.